Zoben da Na Ƙi Gogewa

Garin Yogya, ranar Talata, ana ruwa.

Zuwa ga Mas Jatmiko, sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan ranar garin nan ta take tsaka, ruwan farkon damina a kan jan rufin gidan iyayena, ƙamshin sabuwar shinkafa lokacin da aka ɗaga murfin tukunya. Ya kai kurciyar da ba ta kuka sai da dalili! Ya kai dutsen Merapi da sassafe, wanda ake hangowa tsaf daga nesa har a ɗauka babu komai a cikinsa sai natsuwa! Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da Ibu mahaifiyarka, da fatan gwiwar tata ta yi sauƙi.

Ka ga dai na yi ƙoƙari. Layukan nan na sama sun cinye mini rabin safiya da takarda huɗu, kuma har yanzu ina ganin kurciyar ba ta zauna daidai ba. Ni ba gwanar kalmomi ba ce, ka fi kowa sani. Shekara tara ke nan wasu suna rubuta labari, ni kuma ana aiko mini in zana abin da suke nufi, a lika a samansa, mai karatu ya kalla na daƙiƙa uku ya wuce. Da son samu ne da zane zan aiko maka. To amma zane ne ya kai mu inda muke, shi ya sa yau na ture allon gefe na ɗauki biro kamar kowa.

Yau kwana ashirin da uku rabon da ka hau matakalar ɗakin aikina. Ba ka yi mini faɗa ba, ba ka ɗaga murya ba, ba ka ma ƙi amsa saƙona ba. Kana amsawa, cikin ladabi, da cikakken harshen girmamawa irin wanda kake yi wa baƙon da ya zo ofishinku neman hatimi. Shekara huɗu kana kirana Dik, kamar ƙanwarka ta ciki ɗaya, ina kiranka Mas kamar yayana, yanzu na koma Mbak Wening, yadda mutanen waje suke kirana. Wallahi da zagi ka yi da ya fi mini sauƙi, domin zagi ana iya rama shi ko a yi kuka a huta. Wa ya taɓa rama ladabi?

Bari in tuna maka Alhamis ɗin nan kamar yadda ta faru, ba kamar yadda na ba ka labarinta ba.

Ƙarfe sha ɗaya na safe Sondang ta kira, editar nan ta mujallar Jakarta da kake cewa muryarta kan riga wayar isowa. Ko sallama babu. "Wening, kina raye? Zanen bangon mujalla nake so, ƙarfe biyar. Labari ne a kan ma'aikatan ofisoshin unguwa masu karɓar kuɗin sigari kafin su buga wa talaka hatimi. Kuma don Allah kada ki zana mini ɓera. Ɓeraye sun ishe ni! Kowa aka ce ya zana cin hanci sai ya kawo ɓera da taye, kamar ɓeraye ne suke zaune a kanta." Na ce mata awa shida ba ta isa bango ba. Ta ce, "Na sani. Shi ya sa na kira ki ban kira masu hankali ba."

Haka aikin yake, ba yau aka fara ba. Ba ni da ofis, ba ni da ubangida, sai editoci shida da kowannensu ya ɗauka shi kaɗai na sani a duniya. Na karanta labarin sau biyu, na yi ƙananan zane uku da fensir na tura mata: hatimi mai baki a buɗe, layin mutane da ya nannaɗe kamar maciji, sai kuma hannu kawai, yana karɓar ambulan a ƙarƙashin kanta. Cikin minti biyu ta amsa, "Hannun." Na san shi za ta zaɓa, kuma na san na jawo wa kaina, don babu abin da yake tona asirin mai zane kamar hannu. Fuska za ka iya yi mata ƙarya ta wuce. Hannu kuwa idan ba ka kalli na gaske ba, sai ya fito kamar nonon ayaba.

Sai ga ka da azahar, cikin kakinka na aiki, ɗauke da ƙunshin shinkafa biyu a ganyen ayaba daga wurin Yu Painem mai abinci ta bakin ofishinku. Ban ko bari ka ajiye hular babur ba na ce, "Mas, ara mini hannunka." Sau nawa na faɗi wannan magana a shekara huɗu? Hannunka ya zama na manomi yana riƙe da busasshiyar zangarniya, ya zama na likita, ya zama na mutumin da ambaliya ta ci yana miƙo yatsu sama. Akwai makon da ya zama na amarya, na ƙara masa lalle, ka yi kwana uku kana yi mini tafiyar rangwaɗa a tsakar ɗaki. Ka ce, "Yau kuma wane ne ni?" Na ce, "Maciyin hanci." Ka yi dariya ka ce, "To Allah ya sa mai sa'a ne. Yi sauri, Dik, shinkafa tana hucewa."

Na duba teburi ina neman ambulan, babu wani sai wanda mai ɗab'i ya aiko da safe, mai ruwan madara, da samfurin katin gayyatar aurenmu a ciki. Katin da na rubuta haruffansa da hannuna, aka bar gurbin rana fari, saboda kawunka Pakde Sastro bai gama lissafa ranakun haihuwarmu ba balle ya fitar mana da ranar da ta dace. Shi na miƙa maka. Ka durƙusa, ka sa hannu ƙarƙashin teburi, ka kama gefen ambulan ɗin da yatsa biyu kamar mai jin kunya. Ban koya maka wannan ba, kai ka san yadda ake yi, don shekara goma sha ɗaya kana ganin masu yi a hagunka da damanka. Na ɗauki hoto tara. Kana miƙewa ka kalli yatsanka ka ce, "Ki cire zoben fa." Na ce, "Zan cire."

Ka ji, Mas? Ban manta ba. Na ce zan cire.

Zoben mahaifinka. Koren dutsen nan mai ɗigon fari a gefe kamar ƙwayar shinkafa, wanda ba ya fita daga yatsanka sai da sabulu. Shekara talatin Bapak yana sanye da shi a bayan kantar da ka gada, kuma har ya koma ga Allah ba a taɓa jin ya karɓi ko ayaba ɗaya daga hannun mai neman takarda ba. Mazan unguwarku kuwa ka san su. Mutum zai iya rikita sunayen jikokinsa, amma ba zai rikita dutsen zoben maƙwabcinsa ba. Su zauna a rumfar kofi suna haska wa duwatsu fitilar waya, suna gardamar wanne ya fito daga wane kogi, har shayi ya huce. Duk na san wannan. Ni ma a nan aka haife ni.

Ranar Lahadi da mujallar ta fito ka zo da ita a naɗe, ka shimfiɗa ta a teburina, ga koren zoben nan a bangonta. Na ce maka kuskure ne, na yi zane biyu, mai zobe da marar zobe, sauri ya sa na tura wanda bai kamata ba. Ka kalle ni ka ce, "Ba komai, Mbak. Aiki ne." Ka sa takalminka ka sauka a hankali, har ka ja mini ƙofa don kada ruwa ya shigo.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Ƙarya na yi maka, kuma ita ce dalilin wannan wasiƙa.

Ka sha ganin yadda nake aiki a allon nan. Kowane abu yana kan nasa fallen, kamar takardu shara-shara da aka jera: kanta daban, hannu daban, inuwa daban. Zoben ma na sa shi a nasa fallen, don in kashe shi da taɓawa ɗaya idan na gama. Ƙarfe huɗu da kwata na gama. Na taɓa, zobe ya ɓace. Na ja kujera baya na kalla, sai na ga zanen ya mutu. Komai toka-toka ne, kanta da hannu da ambulan, babu inda ido zai sauka. Hannu ne na kowa, wato ba na kowa ba, irin wanda mai karatu zai gani ya ce, "Allah wadaran ɓarayi," ya juya shafi. Na sake taɓawa, zobe ya dawo. Nan take hannun ya zama na mutum mai uba, mai zuwa masallaci, wanda ake gaisarwa a hanya ana rusunawa. Abin da marubucin ya ɓata shafi shida yana son faɗa ke nan bai iya ba, ni kuma ɗigon kore guda ya faɗa mini shi.

Sau bakwai na kashe na kunna. Na gwada ja, ya yi kama da na ɗan daba. Na gwada baƙi, ya nutse cikin inuwa. Na goge ɗigon farin kawai, sai dutsen ya koma kamar alewa. Na mayar da komai yadda Allah ya yi shi. Biyar saura ashirin na tura, da sauran minti ashirin cur a hannuna, wayata kuma tana gefen gwiwar hannuna. Da na kira ka da ka ce a'a, shi ya sa ban kira ba. Na ce wa kaina mujallar Jakarta ce, wa yake karanta ta a unguwarku? Ko a lokacin na san bango ba ya tsayawa a takarda, kafin la'asar yana cikin wayar kowa. Ba tunani nake yi ba, na riga na yanke, ina dai neman abin da zan rufe fuskata da shi ne.

Sauran labarin ba daga bakinka na ji ba, don kai ba ka ba da labarin ciwo. Yu Painem ce ta fara tare ni ranar Talata, tana zuba wa wani miya, da ƙarfinta yadda duk layin zai ji. "Mbak Wening! Ashe angon namu ya yi suna! An ce har Jakarta an san hannunsa. Ni dai na ce musu ƙarya ne, mutumin da ko ƙarin tempe, soyayyen waken nan, na sa masa sai ya dawo ya biya? Amma kin san mutane, sun ce ai amaryarsa ce ta zana, wa zai san shi ya fi ta?" Ta ƙunsa mini shinkafa ta ƙi karɓar komai, wai in ci in yi ƙiba kafin biki. Na kai gida na ba kyanwa.

Wa zai san shi ya fi ta? Kwana uku wannan magana tana bina har banɗaki.

Na Mbah Kasinem kuwa Ibu ce ta faɗa mini, ranar da na kai mata man zafi. Tsohuwar nan mai sayar da furen da ake zubawa a kan kabari, wadda kowace shekara take zuwa ka sabunta mata takardar tallafi, kake zagayowa daga bayan kanta ka cike mata da kanka saboda idonta. Ibu ta ce ta zo ranar Laraba, ta jira layi ya kai kanta, ta kwance bakin gyalenta ta fito da ɗan ambulan da ya sha naɗi, ta turo maka ta ƙarƙashin takardar. Ta ce, "Ka yafe mini, ɗana. Shekara da shekaru ina zuwa maka hannu rabbana, ban san kai ma kana karɓa ba. Jikana ne ya nuna mini a waya." Ibu ta ce ka mayar mata da shi da hannu biyu, ka buga mata hatiminta, ka raka ta har bakin titi. Da ka koma gida ka wuce bayan ɗaki da sabulu. Ta nuna mini zoben a cikin ɗan faranti a saman kabad, kusa da hoton Bapak. Sannan ta tambaye ni ko zan ƙara shayi.

Ban zauna haka kawai ba, ko da yake abin da na yi bai taka kara ya karya ba. Na kira Sondang na ce a buga gyara. Ta ce, "Mu rubuta me? Hannun da ke bangon makon jiya na mutumin kirki ne? Wening, yanzu unguwa ɗaya ce ta sani. So kike ƙasar duka ta tashi neman mai koren zobe?" Gaskiyarta, garin neman gira ake rasa ido. Jarida tana iya gyara suna, tana iya gyara adadi, amma babu layin da aka tanada don neman gafarar zane. Ta dai yarda aka sauya wanda ke shafinsu na intanet da marar zobe, ihu bayan hari. Kafin ta ajiye ta ce wata jarida a Singapore tana son sayen zanen, mai zoben, ta ce shi ne mafi kyawun abin da na taɓa yi mata. Na ce ba na sayarwa. Ta ce, "Kin haukace?" Na ce mata wataƙila yanzu ne na fara warkewa, ta ce wannan ba matsalarta ba ce, tana son ƙaramin zane a kan farashin takin zamani kafin Juma'a.

Na kuma je wurin shugabanku, Pak Hartoyo, ranar da na san an aike ka gunduma. Na nuna masa hoton asali a wayata: teburina, ƙunshin shinkafa biyu, kai a durƙushe kana dariya har ana ganin haƙorinka mai ɓalli. Ya sa aka kawo mini shayi, ya kalli hoton da kyau, ya ce, "Ayya, Mbak, ai da ba ki wahalar da kanki ba. Wa ya zarge shi? Babu wanda ya zarge shi. Mun dai mayar da shi ɗakin ajiyar fayil ne ya ɗan huta da hayaniyar jama'a." Sannan ya juya nasa zobban guda uku a yatsu, ya yi murmushi ya ce, "Amma fa kin iya dutse. Har ɗigon farin!" Na sha shayin har ƙasa, na yi godiya, na fito. A hanyar fita na hango ƙofar ɗakin fayil ɗin, da kujerarka, da rigar ruwanka a rataye a ƙusa.

Yanzu ga abin da ya kamata ka sani kafin ka yanke shawara, don ba na so ka auri wadda ba ni ba. Har gobe idan na buɗe zanen nan na san ya yi kyau. Ina jin kunyarsa, ina jin zafinsa, kuma wani ɓangare na can cikin kaina yana kallonsa yana gyaɗa kai. Haka idona yake, ci yake yi. Ranar da aka binne kakata ina tsaye ina kuka, ina kuma lura da yadda inuwar lema ta zama shuɗiya a kan likkafani, na dawo gida na rubuta launin a littafina. Ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau. Kuma ni ɗin nan da nake kwasar fuskokin mutane a bas da kasuwa ba tare da izini ba, ni ce mai ɓuya bayan ginshiƙi idan aka ɗaga kyamara a wurin biki. Wanzami ba ya son jarfa. Kai ka lura da wannan tun shekarar farko, ka yi dariya kawai, ka ba ni hannunka.

Ba zan yi maka alkawarin daina gani ba, don ƙarya ɗaya ta isa. Ba zan kuma bar aikin ba, ba ni da wani, kuma ina son sa. Abin da zan iya shi na fara. Pak Gito mai keken fasinja na bakin layinmu shi yake ara mini hannu yanzu, ladansa kofi ɗaya. Kafin in ɗauki hoto sai na gaya masa labarin da za a lika shi a kai, kafin in tura kuma sai na sauka na nuna masa. Yakan riƙe allon nesa da fuskarsa ya ce, "Ya yi, Mbak. Ni dai ko ɓarawon kaza ki mai da ni, amma kada ki sa ni ɗan siyasa, ina da 'ya'ya mata." Makon jiya ya ce in rage masa tsawon farce, matarsa za ta yi magana, na hau na rage. Hannunsa yana da kyau, jijiyoyi kamar saiwar bishiya. Sondang ta ce sababbin hannuwan sun yi. Sun yi ɗin kuwa. Hotunan naka guda ɗari huɗu da goma sha biyu na kwashe su a 'yar ma'ajiyar kwamfuta da za ka gani cikin wannan ƙunshi, na goge su daga kwamfutata da wayata. Naka ne, dama aro ka ba ni.

Na so in gama wasiƙar nan a haka, a tsare, ba tare da na zubar da mutuncina ba. Amma ruwa ya ƙaru, kuma yanzun nan na tsoma buroshi a cikin shayina maimakon kofin wanki, na ɗaga kai ina jiran in ji ka ce, "Dik, yau ma shuɗin shayi za a sha?" Babu kowa sai tsaka a bango. Mas, ina kewarka! Ina kewarka kamar yadda gonar shinkafa take tsagewa idan an tare mata ruwa daga sama. Duk babur ɗin da ya rage gudu a layin nan sai alƙalamina ya tsaya, in saurara, in ji ya wuce. Wa zai tsaya a bayana ya kalli zanen da na sha wahala a kansa ya ce, "Wannan kare ne ko minista?" Wa zai tuna mini azahar ta yi, cewa mutum ba ya rayuwa da kofi da gyaɗa? Ashe duk shekarun nan da nake cewa ni kaɗai nake aiki, ba ni da abokin aiki ba ni da ubangida, ƙarya nake yi, mu biyu ne a ɗakin nan! Na san kowane layi na tafin hannunka, na san tabon da ƙugiyar kifi ta bar maka, na san yadda ƙaramin yatsanka yake karkacewa idan kana jin kunya, na zana su sau ɗari, amma ban taɓa tsayawa na tambayi abin da hannun yake tsare wa kansa ba. Suna ɗaya gare ka a duniya, kai da Bapak kuka yi shekara arba'in da ɗaya kuna wanke shi, ni kuma na ɗauke shi na yi ado da shi saboda zanena yana neman kore. Ka yafe mini. Ba don na cancanta ba, sai don ban san wurin wanda zan kai wannan roƙo ba in ba kai ba.

To, na faɗa. Bari in share fuska in koma kan magana.

Ibu ta ce mini Pakde Sastro ya gama lissafinsa tun mako biyu da suka wuce. Ta ce ya kira ka gidansa, ya sa ka zauna ƙarƙashin kejin kurciyoyinsa, ya rubuta ranar a 'yar takarda ya ba ka, ka ninke ka sa a aljihu. Ta ɗauka na sani. Na ce mata eh, rana ce mai kyau, don kada hankalinta ya tashi. Ban tambaye ta wace rana ba ce, kuma ba zan tambayi Pakde ba. Mai ɗab'i ya kira sau biyu, na ce ya ƙara haƙuri. Mahaifiyata ta riga ta sayi yadin ankon 'yan'uwa, kullum sai ta tambaye ni, kullum ina ce mata manya suna kan lissafi.

A cikin wannan ƙunshi, ƙarƙashin wasiƙar, za ka ga ambulan mai ruwan madara. Shi ne dai, wanda ƙasar nan duka ta ɗauka kuɗin sigari ne a ciki. Gefensa ya ɗan lanƙwashe inda yatsunka biyu suka kama. Katin yana ciki yadda ka bar shi, sunanka da nawa da na iyayenmu, kowane harafi da hannuna, sai gurbin nan guda fari a tsakiya. Wannan gurbin ba nawa ba ne, ba zan taɓa shi ba. Idan bayan duk abin da ka karanta kana ganin za ka iya zama da mace mai irin wannan ido, ka rubuta ranar da birona ko naka, da rubutunka na ofis mai karkata hagu. Idan kuma ba za ka iya ba, ka ba Yu Painem katin yadda yake ta kawo mini. Zan gane, ba zan tambaye ka dalili ba, kuma ni da kaina zan je in gaya wa iyayena da Ibu cewa laifin nawa ne, in faɗa musu shi da sunansa.

Abu ɗaya kawai nake roƙo wanda bai rataya a kan amsarka ba. Ka sauko da zoben daga saman kabad ka mayar da shi yatsanka. Bai yi komai ba, Bapak bai yi komai ba, kai ma haka. Mutanen rumfar kofi za su gaji, Mbah Kasinem ta riga ta zagaye kasuwa tana ba da labarin yadda ka mayar mata da ambulanta da hannu biyu, kuma bakinta ya fi kowace mujalla yawo.

Ni dai ina nan a inda ka bar ni, a saman matakalar nan, taga tana kallon layi. Ko ka rubuta ko ba ka rubuta ba, babu wani da zan kira Mas da irin muryar da nake kiranka, yau ko bayan gashina ya yi fari, ko bayan hannuna ya fara rawa ya kasa jan layi. Idan kuwa Allah ya sa ka kawo katin da kanka, ka zo da azahar kamar yadda ka saba, ka miƙo mini shi da hannun nan mai zobe. Zan karɓi katin in ajiye, sannan in riƙe hannun da nawa biyu, idona a rufe.

Taka, muddin ana ruwa a garin nan,

Wening